Zauren Malama: Ina Littafin Sallah Mai Ban Dariya Na Yaranmu?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka bi: littattafan yara masu hotuna, irin waɗanda ake tsarawa da waƙa don azumi da Sallah, yaro ya ji ya ƙyalƙyale da dariya. Ni da na yi rayuwata a ajin rauda a nan Makka, wato ajin share fagen shiga firamare, zaune a kan darduma tsakanin 'yan shekara huɗu da biyar, wannan magana tana raina ƙwarai. Ku yi haƙuri in na tsawaita a wasu wuraren.

Malama, barka da war haka. Ina da yara biyu, mace 'yar shekara 5 da namiji ɗan shekara 3. A Sabil aka haife ni, amma tun da aka rushe unguwar muka koma wani gini inda mu kaɗai ne Hausawa. Yanzu in na yi musu magana da Hausa, da Larabci suke mayar mini. Na shiga kantin littattafai na ga na azumi da na Idi kala-kala, na Larabci da na Turanci, masu waƙa masu ban dariya, ban ga ko ɗaya na Hausa ba. A ina zan samu? Daga Maman yara biyu, Jidda.

'Yata, Allah ya raya miki su. Wannan kukan na ji shi a bakin mata da dama tun bayan rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021, wanda ya tashi Sabil da Gulail da wasu tsofaffin unguwannin Jidda. A da ba sai an zaunar da yaro an koya masa Hausa ba. Yana leƙa ƙofar gida zai ji ta a bakin mai ƙosai, ya ji ta wurin tsofaffin da ke hira a gefen masallaci, ya ji ta in an aike shi gidan maƙwabta. Yanzu lungu ya watse, aikin duka ya dawo kan cinyar uwa.

Ba zan ɓoye miki ba: littafin Sallah na Hausa mai launi, mai amsa-amo, wanda aka yi don dariyar ɗan shekara uku, ba abu ne da ake jerawa a kantunan nan ba, kuma ko a Kano da Zariya sai an sha nema. Ba don harshen ya gaza ba ne. Rubutun boko na Hausa ya daɗe da tsayawa da ƙafafunsa. Tun gasar rubutu da Baturen ilimi Rupert East ya shirya a 1933 aka samu ƙagaggun labarai, kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya zo a 1966, daga shekarun 1980 kuma kasuwar littattafai ta Kano ta cika da labaran manya. Abin da ya kai ga ƙananan yara akasari littattafan koyon karatu ne na firamare. Suna da amfani, amma don aji aka yi su, don malami da allo, ba don uwa da ɗanta a kan gado ba. Buga launi a takarda mai kauri yana da tsada, mai zane ma sai an biya shi, shi ya sa masu maɗaba'a ke ja da baya.

Larabcin da kika gani ya cika kanta, shi ma kuɗi aka zuba masa. A Sharja ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa an kafa kamfanin Kalimat a 2007 don littattafan yara, a 2009 kuma aka fara ba da babbar kyauta ta shekara-shekara ga adabin yara na Larabci. Marubuta da masu zane suka ga akwai ci a sana'ar, suka shigo. Ki je baje kolin littattafai na Jidda ki ga yadda sashen yara ke cika.

To me za ki yi kafin namu ya zo? A intanet akwai African Storybook, wanda wata ƙungiya ta Afirka ta Kudu mai suna Saide ke gudanarwa, da StoryWeaver na Pratham Books ta Indiya da aka buɗe a 2015. Dukansu suna da labarai masu hotuna da Hausa, kyauta, kuma an yarda ki sauke ki buga. Akasarinsu zube ne, ba waƙa ba, amma da hanau gara mannau. Na Larabcin ma ki saya, kada ki ji komai. Ki buɗe hoton ki ba da labarin da Hausa, yaro ɗan shekara uku bai san abin da aka rubuta ba, bakinki yake bi.

Amma shawarata ta gaske ita ce ki yi naki. Ki samu farar takarda guda huɗu irin ta kwamfuta, ki jera su ki ninke biyu, ki ɗinke tsakiya da zare da allura, kin samu shafi 16. Ki je shagon kayan rubutu a wanke miki hotunan Sallar bara da ke cikin wayarki, ki manna. A ƙarƙashin kowane hoto ki rubuta layi ɗaya. Ga irin wanda nake yi wa 'yan ajina idan ƙaramar Sallah ta gabato:

Inna ta dafa dibyaza,
Ta ce ku taho maza-maza,
Auta ya ci har ya gaza,
Yana gyangyaɗi kamar kaza.

Ki lura, dibyaza na sa, wadda ake dafawa da ƙamaruddin, wato busasshen mishmish da aka shimfiɗa kamar takarda, da busasshen ɓaure da zabibi da 'ya'yan itatuwa soyayyu a man shanu, wadda yaran Hijaz ke karyawa da ita safiyar Idi tare da cuku da zaitun da burodin shuraik. Ban sa hawan Daushe ba. Hawan Sallah abu ne mai kyau, kuma ya kamata wata rana ki nuna musu shi, amma yaron da ke hawa na huɗu a Jidda bai taɓa ganin dokin sarki ba. Abin da ya lasa da harshensa shi zai fara ba shi dariya. Daga nan sai ki shigo da tuwon shinkafa da miyar taushe da lallen hannu da goron Sallah a gefen idiyya, wato kyautar Idi ta Larabawa, duka Sallarsa ce.

Ga kuma inda waƙa ta fi zance, kuma saboda wannan nake nacewa. In kin karanta musu sau uku sau huɗu, ki zo layin ƙarshe ki ce "Yana gyangyaɗi kamar…" ki yi shiru. Yarinyar da ke mayar miki da Larabci ba za ta ce "dajaja" ba, don kunnenta ya riga ya san ba ta shiga wurin. "Kaza" za ta ce, da ƙarfi, tana dariya. Ba ki tsawata mata ba, ba ki ce "yi Hausa" ba, amsa-amo ne ya ciro kalmar daga bakinta. Na ga wannan a aji ba sau ɗaya ba, har ga yaran da iyayensu suka ce mini sun daina jin Hausa. Amfanin kuma bai tsaya ga harshen gida ba. A 1983 wasu masana biyu na Jami'ar Oxford, Lynette Bradley da Peter Bryant, sun wallafa binciken da suka yi a kan yara kusan 400 'yan shekara 4 da 5. Sun gano cewa waɗanda kunnensu ya fi kama kalmomi masu sauti iri ɗaya su ne suka fi saurin iya karatu daga baya. Kunnen da kika wasa da "kaza" da "gaza" shi za ta tafi da shi makarantar Larabci.

Malama, ina da shakka biyu. Sallah ibada ce, shin ya dace a mayar da ita abin dariya ga yara? Sannan littattafan nan cike suke da zanen mutane da dabbobi. Matata ta sayo wasu, na ɗauke na ajiye a saman kabad har sai na ji ta bakin masu sani. Daga wani uba, Madina.

Alhaji, na yaba da wannan taka-tsantsan, kuma na ji daɗi da ka ajiye su ba ka zubar ba. A maganar dariya, kana zaune a garin da amsar take. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Sayyidina Abubakar ya shiga ɗakin Nana A'isha a ranar Idi ya tarar da 'yan mata biyu suna waƙa, ya tsawata musu, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ya ƙyale su, kowace al'umma tana da idinta, wannan kuma idinmu ne. A ranar Idi ne Habashawa suka yi wasa da masu a masallaci, Nana A'isha tana kallo daga bayansa. Akwai kuma ƙanen Anas ɗan Malik, yaro ƙarami mai ɗan tsuntsun da yake wasa da shi. Manzon Allah yakan ce masa, "Ya Aba Umair, ma fa'alan nugair?" wato yana tambayarsa labarin tsuntsun. Ka sake karanta jimlar da ƙarfi ka ji yadda ƙarshenta ya dace da farkonta. Da magana mai amsa-amo ya yi wa yaro wasa.

Iyaka dai tana nan, kuma ni ina tsare ta a ajina. Dariya ta sauka a kan rago, da sabon takalmin da ke ƙara in an taka, da Auta da ya sa riga a baibai don saurin zuwa Idi, da Baba da ya ɓoye alewa ya manta inda ya ɓoye. Ba ta sauka a kan salla, ko Alƙur'ani, ko Ɗakin Allah, ko liman. Haka kuma ba na son a yi dariyar gurgu ko makaho ko baƙin fata ko mai ƙiba, don yaro yana ɗauka ya kai wa ɗan ajinsu gobe. Wani abu da nake dubawa kafin in sayi littafin ƙaramin yaro shi ne ko an buga ayoyi a cikinsa. Littafin ɗan shekara biyu zai kwana a ƙasa, za a taka shi, za a tauna gefensa. Ayoyi su zauna a inda ake girmama su.

Maganar zane kuwa, malamai sun yi bayani mai yawa kuma sun saɓa. Waɗanda suka sassauta ga yara suna kafa hujja da 'yan tsanan da Nana A'isha ke wasa da su, da ruwayar Abu Dawud ta dokinta mai fukafukai, wanda da aka tambaye ta ta ce ai Annabi Sulaimanu yana da dawaki masu fukafukai, Manzon Allah ya yi dariya. Waɗansu kuma sun tsananta a kan zanen abu mai rai, shi ya sa za ka ga wasu maɗaba'u suna zana mutane ba ido ba baki. Fatawa ta malaminka ce, ka kai masa littattafan ya gani da idonsa. In ya hana, ƙofa ba ta rufe ba. Ana iya zana faranti wayam da sawun kofato a kan farin zanen gado, da igiya a tsinke, da hular Baba a rataye a kan tankin ruwa. Yaro zai gane wanda ya yi ɓarnar ba tare da an zana shi ba, kuma sau da yawa wannan ya fi ba shi dariya, don shi ya gano da kansa.

Malama, ni ɗaliba ce, kuma ina son in rubuta littafin Babbar Sallah don ƙannena da yaran unguwarmu, in Allah ya so har in buga. Ga baitin farko, don Allah ku duba mini: "Ranar Sallah ranar murna ce, / Ranar da muke ziyara ce, / Biyayya ga iyaye wajibi ce, / Tsafta ma abu mai kyau ce." Shafi nawa zan yi, kuma yaya zan sa ya ba da dariya? Daga 'yarku, Makka.

'Yata, Allah ya yi miki albarka, irinku muke nema. Tunda kin ce in duba, zan duba da gaske.

Abu na farko, "ce" ba amsa-amo ba ne, maimaici ne. Kowa zai iya jera "ce" ko "ne" ko "nan" a ƙarshen layi ɗari. Kuma kin ga inda ya kai ki: a layi na huɗu sai da kika karya Hausa, don "abu mai kyau ne" ake cewa. Duk lokacin da amsa-amo ya sa kika faɗi abin da ba za ki faɗa wa ƙanenki a tsakar gida ba, layin ne zai canza, ba harshen ba. Na biyu, babu wanda ya yi komai a baitin. Ba wanda ya gudu, ba wanda ya faɗi, ba abin da ya ɓace. Nasiha ce, kuma nasiha mai kyau, amma yaro yana jin irinta tun safe. Ki ba shi wani da zai bi da ido.

A Babbar Sallah ba sai kin je nesa ba, ga rago nan. Baba ya je kasuwar dabbobi ta Ka'akiyya ya zaɓo rago irin harri ko sawakini, an hau da shi saman bene da ƙyar, ana ja yana tirjewa. Ki tara kalmomin da suka ƙare da sautin "rago" tun kafin ki fara: bango, Gwaggo, rogo, dogo, ango, zango, kango. Labarin yana cikinsu, ke dai ki jera:

Baba ya sayo rago,
Ya ɗaure jikin bango,
Ya tsinke ya bi Gwaggo,
Ya cinye mata rogo,
Ya sa rawani dogo,
Ya fito kamar ango.

Kowane layi gaɓa bakwai ne, ki tafa ki ji. Kari kamar lugude yake, in taɓarya ɗaya ta yi latti duk wanda ke tsakar gida sai ya ji. Kuma ido ba ya isa alƙali a nan, don boko ba ya nuna tsawon wasali ko hawa da saukar murya. Ki koma baitin dibyaza da na kawo a sama: "kaza" ana jan ƙarshenta, "maza-maza" kuwa a datse take. A tsakiyar baiti kunne zai yafe, amma da a layin ƙarshe na sa ta da dariyar ta yi sanyi. Don haka duk abin da kika rubuta ki miƙa wa wani ya karanta da ƙarfi ba tare da kin rera masa ba. Inda ya yi tuntuɓe, nan gyara yake.

Yanzu tsarin shafuka. Mafi yawan littattafan hotuna shafi 32 ne, saboda maɗaba'a tana bugawa a manyan takardu ne da ake ninkewa su ba da shafi 8 ko 16. In kin cire shafin suna da na bayanin bugu, za ki rage da kusan buɗi 14, wato shafi biyu masu kallon juna sau 14. Kalmomi kuwa kada su yi yawa, da yawa daga cikin masu kyau ba su kai 500 ba. Baitin nan mai layi shida zai iya cin buɗi shida shi kaɗai, layi ɗaya a kowane buɗi, hoto ya cika sauran.

Dariyar tana wurin juya shafi. Ki rubuta "Ya fito kamar…" a ƙasan shafin da yaro zai kama ya juya, kalmar "ango" kuma ki ɓoye ta a bayansa da manyan haruffa. Kafin hannunsa ya gama juyawa ya riga ya yi ihun amsar. Sannan kada hoto ya maimaita abin da rubutu ya faɗa. Rubutu ya ce rawani dogo, hoto kuma ya nuna jan shimagin Baba ne, wato ƙyallen da maza ke yafawa a ka, da aka shanya a igiya ya naɗe a ƙaho, ga Baba can a lungu yana laluben abin da zai sa ya tafi masallaci. Rubutu ya ce ya bi Gwaggo, hoto ya nuna Gwaggo a kan injin wanki riƙe da takalmi ɗaya. Yaron da bai iya karatu ba yana ganin abin da mai karatu bai faɗa ba, sai ya ji ya fi babba sani, kuma ba abin da ɗan shekara huɗu ke so kamar wannan. Ki sa amshi da zai riƙa dawowa bayan kowace ɓarna, kamar "Wa ya ga rago? Ba ni ba!" Wasannin tashe da yara ke fitowa da su a ƙasar Hausa daga goma ga azumi da amshi suke tafiya, haka waƙoƙin gargi'an da yaran gabashin ƙasar nan ke bi gida-gida da su a tsakiyar Ramadan. Mai bayarwa ɗaya, masu amsawa da yawa.

Akwai wurin da za ki tsaya ki yi tunani, wato ƙarshen littafin. Kin sa yaro ya so ragon nan shafi bayan shafi, kuma ke da ni mun san abin da aka sayo shi dominsa. Na sha rarrashin yaran da suka dawo aji bayan hutu suna ba ni labarin ragonsu da hawaye. Kada ki yi ƙaryar cewa rago ya yi tafiya ko ya koma wurin uwarsa, yaro zai ga fata a shanye. Kada kuma ki zana wuƙa, ko ki yi barkwanci da yanka. Ni abin da nake yi, dariya tana ƙarewa da daren jajibiri, an kama rago, an ba shi ciyawa da ruwa, Auta yana shafa masa kai. Buɗi na ƙarshe kuma ranar Sallah ce, yara ɗauke da faranti suna hawa da sauka a bene, wannan na maƙwabta, wannan na mai gadi, wannan na tsohuwar da ba ta da kowa. Abin da ke tsakani uwa ce za ta yi bayaninsa da bakinta, da labarin Annabi Ibrahim da ɗansa, gwargwadon hankalin yaron.

In kin gama wannan, ga wani da nake fatan 'yar Makka ta rubuta: ranar Arfa, ranar khullaif, lokacin da gari ya koma Arfa, maza suna can wurin hidimar alhazai, mata da yara suka nufi Harami da abin buɗa-baki. Yaran Kano ba su san wannan ranar ba, kuma za su so su ji. Wurin bugawa kuma ki tabbatar haruffan da aka zaɓa suna da ɓ da ɗ da ƙ. Ki nemi a buga miki shafi ɗaya na gwaji ki duba kafin ki biya, don wasu haruffan kwamfuta suna mayar da su ɗan akwati.

Malama, jikata ce ke rubuta mini wannan. Ni ban yi boko ba, allo na yi. Jikokina kuma Larabci kawai suke karantawa. Ina da tatsuniyoyi da waƙoƙin Sallah cike da kaina. Ta yaya za su shiga littafi? Daga Kaka, Ɗa'if.

Hajiya, ina gaisuwa, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ku ne masu kayan, mu 'yan tsintuwa ne. Kuma ku da jikokinku kun riga kun haɗu a wuri ɗaya, wato ajami. Yaron da ya iya haruffan Larabci a makaranta, cikin ɗan lokaci zai karanta Hausa da su, in an nuna masa 'yan wuraren da suka bambanta: ط ita ce ɗa, ق ita ce ƙa, غ ita ce ga, ث ita ce ca, ڟ mai ɗigo uku ita ce tsa, sai ɗigon ƙasa na Warshu da ke ba da sautin "e". Abu ɗaya za a kiyaye. A rubutun allo, fa tana da ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Yaran nan da rubutun gabas suka saba, in suka ga ɗigo ɗaya a sama fa za su karanta. Saboda haka ku faɗa, jikarku ta rubuta da hannun da suka sani, ta sa wasali a kan kowane harafi, littafin kuma ya buɗe daga dama kamar na makarantarsu. Ƙananan su yi zanen.

Ina roƙonku kuma, jikar ta ɗauki muryarku a waya kuna rerawa, tun daga "ga ta nan ga ta nanku" har "ƙurunƙus". Takarda tana riƙe kalmomi, amma ba ta riƙe yadda kuke maƙale murya in Gizo zai yi magana.

Malama, yayata da ke Ingila ta aiko wa ɗana littafin Idi na Turanci mai waƙa. Na zauna na fassara shi layi-layi, amma da na karanta masa bai yi dariya ba. Daga wata uwa, Riyad.

'Yata, ba laifinki ba ne, haka waƙa take. Marubucin ya zaɓi kalmominsa ne don sautinsu a Turanci, in aka juya su ma'ana takan iso, sautin ya tsaya a can. Ki rufe rubutun da hannu, ki kalli hoton kawai, ki tambayi kanki me ke faruwa a nan, sannan ki nemi kalmomin Hausa biyu masu amsa juna ki gina sabon layi a kansu. In a hoton kyanwa ta shiga kwandon alewa, kina da kyanwa da yunwa da ƙanwa, kin kusa gamawa. Wannan na gida ne tsakaninki da ɗanki. In bugawa za ki yi ki sayar, sai da izinin masu littafin.

Malama, 'yata 'yar shekara 2 da rabi littafi ɗaya take so kullum dare, na azumin bara, har na haddace shi. Ta kuma yage shafi biyu. In na ɓoye sai ta yi kuka, in ba ta waya ta yi shiru. Shin in sayo sabo ne? Daga wani uba, Dammam.

Ɗana, ka fito mata da littafinta. Maimaicin da ya gajiyar da kai shi ne karatunta. A karo na farko hoto take kallo, a na goma ta san abin da ke zuwa, a na talatin ita ke faɗa kafin ka faɗa, kuma daɗin da take ji kenan. Ba ruwanta da cewa azumi ya wuce. Ka manne shafukan da suka yage da salatif a gabanta, ta riƙe maka gefe ɗaya. Sabon da za ka sayo ya zama mai shafukan kwali, wanda ke jure hannu da haƙori, ka riƙa karanta shi bayan tsohon, ba a madadinsa ba.

Wayar ce nake so ka rage. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yaro ɗan shekara 2 zuwa 4 kada zamansa gaban waya ko talabijin ya wuce awa ɗaya a yini, in ya gaza haka ma ya fi, kuma ta ce lokacin da yake zaune a karanta masa ko a ba shi labari. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tun 2014 take cewa a fara karanta wa jariri tun daga haihuwa. In ka gaji da muryarka, ka canza ta: yau ka karanta da muryar tsoho, gobe da raɗa, jibi ka yi kuskure da gangan ka ce rago ya sa takalmi a ka, ka bar ta ta gyara maka. Ranar da ka dawo aiki a gajiye, minti biyar ya isa, ka ɗora ta a cinya ka bar ta ta juya shafin da kanta.